Gurbin Rauni a Ƙwaƙwalwa da Dawowar Magana Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

1.0 Gabatarwa

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda abin ya sama sukan rasa ikon sarrafa harshe. Wasu sukan farfaɗo cikin 'yan watanni, wasu kuwa har ƙarshen rayuwa. Wannan maƙala ta duba rawar da gurbin raunin yake takawa wajen haifar da wannan bambanci.

2.0 Manyan Gurabun Harshe

Ga mafi yawan mutane, harshe yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A 1861, likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majinyaci, Leborgne, wanda yake fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai gaɓar "tan". Bayan rasuwarsa, an tarar da rauni a sashen gaba na hagu. Mai irin wannan rauni yakan yi magana da ƙyar, yana zubar da ƙananan kalmomin nahawu. A Hausa, za a iya kwatanta shi da wanda zai ce "Audu, kasuwa, goro" maimakon "Audu ya tafi kasuwa ya sayo goro", wato lamiri da manunin lokaci sun salwanta.

A 1874 kuma, Carl Wernicke na Jamus ya nuna wani gurbi a baya, daura da kunne. Mai rauni a nan magana takan zubo masa ba gargada, sai dai ba ma'ana, kuma ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa.

3.0 Gurbi da Farfaɗowa

Binciken baya-bayan nan ya gyara wannan taswira. Mohr da abokan aikinsa (1978) sun nuna cewa raunin da ya tsaya a gurbin Broca kaɗai yakan kawo ɗaukewar magana ta ɗan lokaci ne. A 2007, Nina Dronkers ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Leborgne, wadda aka adana a Paris, da na'urar MRI. Sai aka ga ashe raunin ya nutsa ciki, ya yanke damin jijiyoyin da ke sada gaba da baya. Ke nan, idan gari ya ƙone amma hanya tana nan, maƙwabta kan iya ɗaukar nauyinsa. Idan hanyar ce ta yanke, lamarin ya fi wuya.

Dangane da fahimta, Naeser (1987) ta gano cewa waɗanda raunin bai wuce rabin gurbin Wernicke ba sun sami sauƙi cikin wata shida, alhali waɗanda ya haura rabi sun ci gaba da wahala bayan shekara guda.

4.0 Kammalawa

Sanin gurbin rauni yana taimaka wa likita ya gaya wa iyali abin da za su sa rai, ya kuma tsara horon magana tun a watannin farko, lokacin da farfaɗowa ta fi sauri. Sai dai gwaje-gwajen da aka gina kan Turanci ba sa auna karin sauti. Nazarin Jack Gandour kan harshen Thai ya nuna raunin hagu yana ɓata karin da ke rarrabe ma'ana. Bahaushen da ya kasa bambance kuka na hawaye da kuka ta miya yana bukatar gwajin da aka gina kan harshensa, kuma wannan aiki ne da ke jiran masana harsunan Nijeriya.