Goma sha ɗaya a Zangon Kumasi

Kumasi babban birni ne na ƙasar Ashanti, a kudancin Gana. Ƙasar kurmi ce, inda goro yake fitowa. Tun zamanin da, fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan kora jakuna har Salaga, cikin ƙasar Gwanja, su sayo goro. Bayan yaƙin Salaga na 1892 ƴan kasuwa suka watse, wasu suka gangara Kumasi suka zauna. Unguwar baƙi ita ake kira Zango. Har yau ana jin Hausa a unguwanni kamar Aboabo da Asawase.

A Zango yaro yana tashi cikin ciniki. Yana ganin ana ƙirga goro, ɗari ɗaya a ce ƙwarya guda. Ana aikensa kasuwa, a ce ya dawo da canji daidai. Saboda haka ƙidaya ta zama masa dole tun yana ƙarami.

Inda yatsu suka ƙare

Daga 1 zuwa 10 ƙidaya ba ta da wuya, domin yatsun hannu goma ne. Wuyar tana farawa in yatsu sun ƙare, ga kuma sauran goro a faifai.

Ga yadda mai goro take nuna wa jikarta. Yarinya ta ƙirga goro goma, ta tara su gefe guda. Wannan tuli ɗaya ke nan. Ba a sake taɓa shi. Sai kaka ta ajiye goro guda kusa da tulin, ta ce: «Goma sha ɗaya.» Ta ƙara guda: «Goma sha biyu.» Haka har goma sha biyar. Tulin yana nan yadda yake, na gefe ne suke ƙaruwa.

A kasuwa mutane sukan gajarta, su ce «sha biyu», «sha uku». Ba a faɗi goma ba, amma tana nan. Duk inda aka ji «sha», akwai tulin goma a gabansa.

Yadda ake rubutawa

Kowane adadi daga 11 zuwa 15 yana da gida biyu. Gidan hagu na gomomi ne, gidan dama na ɗaiɗai ne.

Tuli ɗaya da goro ɗaya: 11
Tuli ɗaya da goro biyu: 12
Tuli ɗaya da goro uku: 13
Tuli ɗaya da goro huɗu: 14
Tuli ɗaya da goro biyar: 15

A cikin 13, wannan 1 na hagu ba goro guda ba ne. Tuli guda ne, wato goma.

Kuskure biyu

Ƙananan yara sukan yi kuskure iri biyu. Na farko, malam ya ce «goma sha ɗaya», yaro ya rubuta 10, ya ƙara 1 a gaba. Ya zama 101. Wannan ɗari da ɗaya ne, ya wuce ƙwaryar goro! Sifili yana nuna gidan da babu kome. A 10 gidan ɗaiɗai fanko ne. Da goro guda ya zo, sai 1 ya shiga gidan, sifili ya ba shi wuri.

Na biyu, yaro ya juya lambobi. Maimakon 12 ya rubuta 21. Abin kamar wasa, amma akwai hasara a ciki. In yarinya tana rubuta wa kakarta bashi, wani ya ɗauki goron sidi 12, ita kuwa ta rubuta 21, an ɗora wa mutum sidi 9 da bai ci ba. Ranar biya sai gardama ta tashi, mai saye ya canza wurin ciniki.

Harsuna da ƙidaya

Yaron Zango yana jin harsuna da yawa. A gida Hausa, a kasuwar Kejetia harshen Tuwi na mutanen Ashanti, a makarantar boko Ingilishi, a makarantar allo Larabci.

Tuwi yana tafiya kamar Hausa. Goma ita ce du. Daga nan sai dubaako, dumienu, dumiɛnsa, dunan, dunum. Kullum goma ake fara faɗi.

A Ingilishi da Larabci kuwa, in za a ce 13 ko 14, uku ko huɗu ake fara ji, goma ta biyo baya. Yaron da ya bi kunnensa kawai yana iya rubuta 31 ko 41. Faransanci ma yana da tasa wuya: onze, douze, treize, quatorze, quinze, seize. Ba a jin dix a ciki sai an kai dix-sept.

Nan Hausa take taimakon ɗalibi. Bakin Bahaushe yana fara faɗin goma, hannu ma gidan gomomi yake fara rubutawa. Wanda ya ji treize ya rikice, sai ya faɗa a ransa: «Goma sha uku.» Ya rubuta 1 a hagu, 3 a dama. Ko a littafin Larabci, da ake karantawa daga dama, gidan gomomi yana hagu.

Kalmomi

Fatake: ƴan kasuwa masu tafiya mai nisa cikin ayari.
Kurmi: daji mai manyan itatuwa da duhuwa.
Sidi: kuɗin ƙasar Gana.

Tambayoyi

1. Goro nawa ne ƙwarya guda?
2. A cikin 14, mene ne aikin 1?
3. Don me ba a rubuta goma sha ɗaya 101?

Aiki

Ku samo kara 15. Ku ɗaure goma dami guda. Ku ajiye uku kusa da damin, ku rubuta adadin a allo, ku faɗe shi da Hausa da Faransanci. In kun koma gida, ku nuna wa ƙannenku.