Ƙwaron Manhaja da Yadda Ake Farautarsa

Daga wani ɗalibin Aji Shida, Ƙungiyar Kwamfuta

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi muku bayani a kan wani aiki wanda ba a cika ganin masu yinsa ba, amma kuwa ya shafi kowannenmu. Yau a nan Birniwa takardu da yawa da muke riƙewa a hannu, kamar sakamakon jarrabawa da rasidin kantin magani, ta cikin kwamfuta suka biyo. Tun daga shekarar 2015 ma jarrabawar JAMB duka a kan kwamfuta ake yin ta. Abin da ke sa kwamfuta ta yi waɗannan ayyuka shi ake kira manhaja, watau jerin umarni da wani mutum ya zauna ya rubuta da harshe irin su Python ko Java ko Visual Basic. Maganata a nan a kan manhajar da ake girkawa cikin kwamfutar tebur ce, wadda ke aiki ko babu intanet, irin wadda ofisoshi da kantuna suka dogara da ita.

In irin wannan manhaja ta yi ɓarna, sai ka ji ana cewa kwamfuta ta yi kuskure. Ni ban yarda da wannan magana ba. Kwamfuta ba ta da wayo, ba ta kuma da ƙeta, abin da aka umarce ta shi take yi. Abin da na lura shi ne, yawancin matsalolin daga zaton mai rubuta manhajar suke fitowa. Yakan zaci sunayenmu da haruffanmu da kwanan watanmu da wutar lantarkinmu duk ɗaya suke da na ƙasar da aka ƙera kayan aikinsa, alhali kuwa ba haka ba ne.

Masu wannan sana'a suna kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro. A ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan wata ƙatuwar na'ura mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ciro wani ƙwaro na gaske daga cikinta, irin mai bin fitilar nan da dare, suka manna shi a littafin aikinsu. An daɗe da amfani da kalmar tun kafin wannan rana, sai dai labarin ya ƙara yaɗa ta. To, ƙwarin da zan ambata ba su da fuka-fuki.

Na farko, kuma wanda ya fi ba ni haushi, shi ne mai cin haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Saboda haka aka yi teburi wanda ya ba kowane harafi lambarsa. Teburin ASCII da Amurkawa suka fitar a 1963 gurbi 128 kawai gare shi, babu ko ɗaya domin Hausa. Tsohon teburin Windows mai gurbi 256 ya ƙara haruffan Faransanci da Jamusanci da makamantansu, mu dai shiru. Sai da tsarin Unicode ya fito a 1991 aka kama hanyar ba kowane harafin duniya lambarsa. A cikinsa ƙ tana da lamba 409, ɓ tana da 595, ɗ kuma 599. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara hanyar ajiye waɗannan lambobi a fayil, wadda ake kira UTF-8, ita ce kuwa ta mamaye duniya.

Ciwon nan iri uku ne, kuma kowanne da alamarsa, kamar yadda ciwon ciki yake da iri-iri. In ka ga sunan Haɗejia ya koma HaÉ—ejia, ko kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, to kada hankalinka ya tashi, ba abin da ya ɓata. An ajiye rubutun da UTF-8 ne, wadda ke zuba ɗ a gurbi biyu, sai manhajar ta karanta da tsohon teburi, ta ɗauki kowane gurbi harafi dabam. Gaya mata ta karanta da UTF-8, rubutu zai miƙe. In kuwa ɗan akwati ka gani a madadin harafin, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da zanen wannan harafi, canja salo kawai za ka yi. Amma in alamar tambaya ta fito, ka ga Ha?ejia, kuma ka duba rumbun bayanai ka tarar haka take zaune a can, to an riga an yi asara. An zubar da harafin tun lokacin ajiyewa, ba wata dabara sai a gyara hanyar ajiyar sa'an nan a sake bugawa da hannu. Wannan yakan faru da manhajojin da aka yi da Visual Basic 6 na shekarar 1998, domin akwatunan rubutunsa na yau da kullum da tsohon teburi suke aiki. Yakan kuma faru a SQL Server in an ajiye suna a gurbi irin VARCHAR mai bin tsohon teburi, maimakon NVARCHAR.

Wani zai ce ai ƙugiya ba komai ba ce, a bar ta mana. To, ya tuna bambancin kafa da ƙafa, da kuma na baki da baƙi.

Ƙwaro na biyu ɗan'uwan na farko ne, shi kuwa hamza yake kamawa, watau ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama cikin sunaye irin su Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u. Na taɓa ganin wata manhajar rajistar ɗalibai wadda ke karɓar Musa da Amina lafiya lau, amma da zarar an buga Sa'adatu sai ta tsaya cik. Mai bugawa, don ya huta, sai ya riƙa cire hamzar, aka wayi gari sunan da ke rajista bai dace da na takardar haihuwa ba. Dalilin tsayawar shi ne, harshen SQL da ake magana da rumbun bayanai da shi yana amfani da wannan alama wajen nuna farkon rubutu da ƙarshensa. In mai manhaja ya liƙa sunan kai tsaye cikin umarni, sai rumbu ya ga 'Sa' ya zaci suna ya ƙare, ragowar adatu kuma ya rasa ko mene ne. Maganin shi ne a rubuta umarni da gurbi a buɗe, a miƙa sunan dabam, kamar yadda ake ba mutum takardar cikewa. Duk harsunan da na ambata suna da hanyar yin haka. Kada kuma a raina wannan, gama ta wannan tsaga ce ɓarayi ke cusa umarnin kansu su kwashe bayanai ko su goge su. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Kwanan wata kuwa mugun ƙwaro ne domin ba ya kuka. Mu in mun rubuta 04/05/2024, 4 ga Mayu muke nufi. Ba'amurke kuwa wata yake fara rubutawa, shi a wurinsa 5 ga Afrilu ke nan. In an bar kwamfuta a kan tsarin Amurka, duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba tana iya juyawa ba tare da wani gargaɗi ba, sai an zo 13 ga wata asiri ya tonu, tun da babu wata na goma sha uku. A kantin magani wannan ba wasa ba ne, domin ranar lalacewar magani ce ake juyawa. A ajiye kwanan wata da shekara a gaba, watau 2024-05-04, bisa ƙa'idar ISO 8601, a kuma ba mai bugawa kalanda ya zaɓa.

Sai batun lambobi. Kowace lamba a cikin manhaja tana da mazubi, kowane mazubi kuma da iyakarsa, kamar tiya da buhu. Ƙaramin mazubin da Visual Basic 6 ke kira Integer ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Yau kuwa kuɗin buhun riɗi ɗaya ya wuce haka nesa ba kusa ba, saboda haka manhajar dillali za ta tsaya tun a ciniki na farko. Kada ku zaci ƙananan masu koyo kaɗai wannan ke kayarwa. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse wajen daƙiƙa 40 bayan tashinta, domin manhajarta ta yi ƙoƙarin zuba babbar lamba cikin mazubi mai irin wannan iyaka. Lambar waya kuma ba lambar lissafi ba ce, ba wanda ke tara ta ko ya raba ta. In aka ajiye ta a mazubin lissafi, sifirin farko zai faɗi. A ajiye ta a matsayin rubutu. Haka nan kuɗi: ka tambayi Python jimlar 0.1 da 0.2, za ta ce maka 0.30000000000000004, saboda yadda kwamfuta ke riƙe gutsuren lamba. Masu hankali sukan mai da kuɗi kwabo su ajiye, naira ɗaya kwabo 100, sai wajen nunawa su mayar naira. Akwai kuma raba lamba da sifiri, wanda ke kashe manhajar fitar da matsakaicin maki in ta iso kan ɗalibin da bai zauna jarrabawa ko ɗaya ba.

Ɗauke wuta ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, in wuta ta tafi manhaja tana tsakiyar rubutu, tana iya cire kuɗi daga asusun wani ba ta kai ga zubawa a na ɗayan ba. Rumbuna irin su SQLite suna da hanyar ɗaure ayyuka biyu su zama ɗaya, ko duka su shiga ko duka su fasa, kuma ya wajaba a yi amfani da ita. A riƙa kwafe bayanai a filashi, a ajiye shi a wani gida dabam. Mu da muka ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a ƙasar Haɗejia ba ma bukatar a gaya mana dalili.

Sauran ƙananan ƙwari su ne manhaja ta daskare domin an ɗora mata aiki mai nauyi a layin da ke kula da allo, ko ta yi aiki a kwamfutar mai ita ta ƙi yi a ta wani, domin an rubuta mata adireshin fayil da babu shi sai a kwamfuta ɗaya, ko an manta wani fayil da take jingina da shi.

To, yaya ake farautar? Ni a wurin mai facin keke na ga misalin da ya fi dacewa. Ba ya manna faci ko'ina don ya ji an ce taya ta sace. Yakan hura tub, ya tsoma shi a ruwa kaɗan-kaɗan har ya ga inda kumfa ke tashi. Haka mai manhaja zai yi. Da farko ya sa matsalar ta sake faruwa a gabansa, ya san abin da aka buga da maɓallin da aka danna, gama ƙwaron da ba ka iya kira ba, ba za ka tabbata ka kashe shi ba. Sa'an nan ya karanta saƙon kuskuren har ƙarshe. Abin mamaki, da yawa daga cikinmu da mun ga jan rubutu da Turanci sai mu yi maza mu rufe, alhali a ciki aka faɗi sunan fayil da lambar layin da abin ya faru. In saƙo bai wadatar ba, sai ya raba aikin biyu, ya sa manhaja ta nuna abin da take riƙe da shi a tsakiya. In daidai ne, ɓarnar tana gaba, in ba daidai ba, tana baya. Ya sake raba wannan rabin. Ko layi dubu ne, rabawa goma ta isa ta kai shi kan layi ɗaya. Kuma abu ɗaya zai riƙa canjawa a lokaci guda, in ba haka ba ko an warke ba zai san maganin da ya yi aiki ba.

Kafin ɗayanmu ya miƙa wa wani manhaja, shawarata ita ce ya gwada ta da kayan gida. Ya buga Sa'adatu da Haɗejia da Ɗanladi, ya buga 13 ga Janairu da 29 ga Fabrairu, 2028, ya buga naira 40,000, ya bar wani gurbi ba komai, sa'an nan ya zare wuta tana tsakiyar aiki, a kan bayanan gwaji ba na gaske ba.

Iyayenmu kuma ina roƙonku, in an ba ku takardar yaro kuka ga sunansa da alamar tambaya a ciki, ko an cire hamza, ko an juya rana da wata, kada ku karɓa don an ce haka kwamfuta ta fitar. Ku koma da ita tare da takardar haihuwa, ku nuna harafin da ya canja, ku nemi a gyara a cikin rumbun bayanai ba a kan takarda da biro ba, domin daga wannan rumbu za a ɗauki sunan ranar rajistar WAEC da NECO.