Daga Tsoka Zuwa Gilashi: Yadda A Ke Shirya Naman Jiki Don Dubawa Da Madubin Likita

Idan likita ya yi wa mace aiki ya ciro wani ƙari daga nononta, ba ya iya tabbatarwa da ido ko da taɓin hannu cewa abin nan mara lahani ne ko kuwa sankara ce. Abin da ya kan yi shi ne ya jefa tsokar cikin kwalba, ya rubuta suna da lamba, ya aika da ita ɗakin gwaje-gwaje. Bayan 'yan kwanaki amsa ta dawo, bisa ga wannan amsa kuwa za a yanke shawara ko a sallami matar, ko a sake yi mata aiki, ko a ɗora ta a kan magani mai tsanani na wata da watanni. Mutane da yawa sun san farkon wannan al'amari da ƙarshensa, amma kaɗan ne suka san abin da ke gudana a tsakani. Makasudin wannan takarda shi ne ta bayyana aikin nan na tsakani, da kayan da a ke yinsa da su, da dalilin kowane mataki. Kalmar "tsoka" a nan tana nufin kowane yanki da aka ciro daga jiki, ko na hanta ne, ko na fata, ko na hanji.

Tushen Wahalar

Tun a shekarar 1858, sa'ad da Rudolf Virchow na Jamus ya buga littafinsa mai nuna cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin halitta, watau 'yan ƙananan ɗakunan da aka gina jiki da su, likitoci suka dukufa ga duban waɗannan ƙwayoyi. To, madubin likita ba ya nuna kome sai haske ya ratsa abin da aka ɗora masa. Saboda haka tilas a yanka tsoka falle-falle, kowane falle kaurinsa kamar maikuromita 4, watau sai an jera guda 250 bisa juna kafin su kai milimita ɗaya. Duk wanda ya taɓa yanka ɗanyar hanta ya san ba ta yankuwa haka. Wuƙa na taɓa ta sai ta lotse. Dabarar da aka samu ita ce a cika tsokar da kaki irin na kyandir, ciki da waje, har ta yi tauri daidai da yanka. Edwin Klebs ne a ke dangana wa fara amfani da kakin farafin a wannan aiki, a shekarar 1869.

Amma a nan wata wahala ta ɓullo. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka mai laushi ruwa ne, ruwa da kaki kuwa ba sa ga-maciji. Don haka dukan aikin nan ana iya taƙaita shi a magana ɗaya: fitar da ruwa daga tsoka a sa kaki a madadinsa, ba tare da an gusar da ko ƙwaya ɗaya daga mazauninta ba. Tun da ruwa ba ya ba kaki wuri kai tsaye, sai an bi ta hannun 'yan tsakani guda biyu, kowanne yana jituwa da na gabansa da na bayansa.

Mataki Na Farko: Tsayad Da Tsoka

Da zarar an raba tsoka da jini sai ta fara lalacewa. Sinadaran narkarwa da ke cikin ƙwayoyinta su kan juya su fara cinye ta, ƙwayoyin cuta kuma su taya su daga waje. A ƙasa mai zafi abin ya fi sauri. Maganin wannan shi ne a tsoma ta nan da nan cikin ruwan da zai tsayad da ita a kamannin da ta ke. Ruwan da aka fi amfani da shi ko'ina a duniya shi ne fomalin. Wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, shi ya gano amfaninsa a birnin Frankfurt a 1893, sa'ad da ya ke gwada shi don kashe ƙwayoyin cuta, ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri.

Aikin fomalin ya yi kama da na bagaruwa a hannun majema. Kamar yadda ruwan bagaruwa ya ke ɗaure zaren fata ya hana ta ruɓewa, haka fomalin ya ke ƙulla furotin na tsoka da juna, su zama kamar raga mai riƙe kome a wurinsa. A kan surka shi kashi 10 cikin 100, a kuma zuba masa wasu gishirai don kada ya yi tsami, domin fomalin mai tsami ya kan bar baƙin diddiga a inda jini ya taru.

Akwai sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ruwan ya ninka tsokar aƙalla sau goma. Wanda ya cusa babban ƙari cikin 'yar kwalba ya yi aikin banza. Na biyu, fomalin yana ratsa tsoka a hankali, kimanin milimita ɗaya a sa'a, yana kuma ƙara nawa in ya yi zurfi, saboda haka a kan tsattsaga babbar tsoka don kada cikinta ya ruɓe kafin ruwan ya iso. Na uku, lokaci: ga tsokar sankarar nono, ƙa'idar da a ke bi ita ce kada ta gaza sa'a 6 cikin fomalin, kada kuma ta wuce sa'a 72. Kuskuren da aka yi a wannan mataki ba wani mataki na gaba da zai gyara shi.

Bayan haka likitan da ya ƙware a sanin cututtukan tsoka ya kan auna ta, ya bayyana kamanninta a rubuce, ya yanko gutsattsari masu kaurin milimita 3 zuwa 4, ya sa kowanne cikin ɗan akwatin roba mai huji-huji. Da fensir a ke rubuta lamba a jikin akwatin, ko da tawada ta musamman, domin tawadar alƙalami na kullum ta kan wanke cikin ruwayen da ke gaba. Idan kuwa ƙashi ne, sai an fara jiƙa shi cikin asid mai sauƙi ko wani sinadari mai zuƙe taurinsa, in ba haka ba ya ɓata wuƙa.

Mataki Na Biyu: Fitar Da Ruwa

Ɗan tsakani na farko shi ne sifirit. Sifirit yana gauraya da ruwa, yana kuma janye shi. Amma ba a jefa tsoka cikin tsantsarsa gaba ɗaya, don in an yi haka sai ruwan ya fita a guje, tsokar ta yamutse, bayanta ya ƙandare. Sai a fara da mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a wuce zuwa 90 ko 95, sa'an nan a kai ga tsantsa, a sauya shi sau biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa. In aka bar ko ɗan ruwa a ciki, kaki ba zai shiga wurin ba, kuma bayan 'yan kwanaki za a ga tsakiyar tsokar ta lotsa ta yi fari.

Mataki Na Uku: Tsarkakewa

Sifirit ya kori ruwa, amma shi ma ba ya jituwa da kaki. Sai a kawo ɗan tsakani na biyu, wanda ya ke gauraya da sifirit da kaki duka. Wanda aka fi sani shi ne zailin, wani ruwa mai ƙarfin wari da a ke samu daga man fetur ko kwal. Idan zailin ya ratsa tsoka sosai ta kan yi garau kamar ƙaro, har haske ya ɗan ratsa ta. In kuwa ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, alama ce akwai sauran ruwa, sai a koma baya. Tsokar da ta daɗe cikin zailin fiye da kima ta kan yi gautsi ta riƙa farfashewa a bakin wuƙa. Dā a kan yi amfani da kulorofom ko man itacen sida, a yau kuma wasu ɗakunan sun koma ga wani irin sifirit mai suna isofurofanol don guje wa zailin baki ɗaya.

Mataki Na Huɗu: Shigar Kaki Da Zubi

Daga nan sai a tsoma tsokar cikin narkakken kaki mai zafin kimanin digiri 60 a ma'aunin santigiret, a sauya shi sau biyu ko uku har zailin ya fita sarai. Zafin da ya wuce wannan da yawa dafa tsokar ya ke yi. Sa'an nan a ɗauko ta da ɗan hantsaki a kwantar da ita cikin ƙaramin mazubi na ƙarfe, a cika da kaki, a ɗora bisa faranti mai sanyi har ya daskare ya zama ɗan tubali. Wannan aikin hannu ne mai bukatar lura, domin yadda aka kwantar da tsoka haka wuƙa za ta same ta. Fata da hanji a kan tsayad da su a gefe don a ga kowane rufi nasu daga sama har ƙasa. A ƙasashe masu zafi a kan zaɓi kaki mai wuyar narkewa, a kuma sanyaya tubalin bisa ƙanƙara kafin yanka, balle a watannin bazara.

Injunan Aikin

Dā da hannu a ke ɗaga tsoka daga kwalba zuwa kwalba, aikin ya ci kwana biyu ko uku. A shekarun 1940 da 1950 injin Autotechnicon na Amurka ya bazu a asibitoci. Shi irin wannan inji kwalabe ne wajen goma sha biyu jere a da'ira, da hannu mai ɗauke da kwandon tsoka, da agogo mai ba shi umurnin ɗagawa da juyawa da tsomawa. A ɗora masa aiki da yamma, da safe a tarar ya gama. Aibinsa biyu ne: tururin sinadarai yana fita cikin ɗaki, kuma in wuta ta ɗauke alhali kwandon yana sama, tsokar ta bushe a iska, abin da ba ya gyaruwa sosai.

Daga baya aka ƙera injin rufaffe. A cikinsa tsoka na zaune wuri ɗaya cikin tukunya mai murfi, ruwayen ne a ke turowa a janye bi da bi, ana kuma zuƙe iska don kaki ya shiga kowane lungu. Ya kan gama cikin sa'a 12 zuwa 14. A shekarun 1980 Mathilde Boon da Lanbrecht Kok na ƙasar Holan suka nuna cewa zafin maikurowef yana gaggauta aikin, har ƙananan gutsattsari su gamu cikin sa'a ɗaya ko biyu. Rufe injin ba ado ba ne: a 2004 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa sinadarin fomalin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum sankara. Ke nan tilas ɗakin aiki ya sami mazuƙar iska, ma'aikaci kuma ya sa safar hannu.

Yanka Da Rini

Injin yanka sunansa maikurotom. Irin wanda ya fi yawa shi ne mai juyi, wanda Charles Minot na Amurka ya tsara a 1886. Kowane juyi na hannunsa yana sauko da tubalin bisa wuƙa, ya kuma matso da shi gaba daidai kaurin falle ɗaya. Fallayen su kan manne da juna su fito kamar tsiri. A shimfiɗa tsirin bisa ruwa mai ɗumin digiri 40 zuwa 45 don ya warware, a kwaso shi da gilashi, a busar.

A nan sai a sake bin hanyar da aka zo, amma da baya: zailin ya cire kaki, sifirit ya cire zailin, ruwa ya dawo, domin rinin da za a yi na ruwa ne. Rini biyu a ke haɗawa. Na farko hematoksilin, daga wani itace na Meziko da Amurka ta Tsakiya. Shi kaɗai ba ya kamawa sai an gama shi da alif, sa'an nan ya rina cibiyar kowace ƙwaya shuɗi. Na biyu iyosin, wanda ke rina sauran jiki ja-ja. Da waɗannan launuka biyu ne likita ya ke ganin ko cibiyoyin sun yi girma da duhu fiye da kima, ko ƙwayoyin sun ƙetare iyakarsu sun kutsa cikin maƙwabta, waɗanda su ne manyan alamun sankara.

Akwai gajeriyar hanya don lokacin da majiyyaci ke kwance a ɗakin tiyata ana jiran amsa. A daskarar da tsoka cikin sanyin kimanin digiri 20 ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta tsaya a matsayin kaki, a yanka a rina cikin 'yan mintoci. Louis Wilson na asibitin Mayo a Amurka ya bayyana irin wannan hanya a 1905. Sai dai hotonta bai kai na kaki kyau ba, don haka a kan bi ta da cikakken aikin daga baya.

Kammalawa

Malamin da zai koyar da wannan darasi zai fi samun sauƙi in ya kafa shi bisa tambaya guda: mene ne ke cikin tsoka yanzu, me kuma zai maye gurbinsa? Ɗalibin da ya gane wannan ba ya bukatar haddar jerin kwalabe, kuma in aiki ya ɓaci zai san inda zai nemi dalili. Ya kamata kuma ya san nauyin abin da ke hannunsa. Jini in ya zube a kan sake ɗiba, amma ƙarin da aka ciro ɗungum sau ɗaya a ke ciro shi. Tubalin kaki da aka shirya da kyau ya kan yi shekaru da dama a ma'aji, a sake yanka shi duk ran da wata sabuwar tambaya ta taso game da mai shi. Wanda aka yi wa ganganci kuwa ya tafi da amsar da wani bawan Allah ya ke zaune yana jira.