Sabunta babbar manhaja tare da riƙe tsohuwar cibiya: misalin Linux

0. Gabatarwa

A ɗakin aikin sashenmu akwai wata kwamfuta wadda muke juye kaset-kaset na binciken ƙauye a cikinta, tatsuniyoyi da hirarrakin tsofaffi waɗanda da yawansu ba su da rai a yau. Wata rana aka sabunta manhajarta, da aka sake kunna ta sai katin ɗaukar sauti ya yi shiru, aikin juyewa ya tsaya, alhali kaset ba ya jiran kowa, lalacewa yake yi a hankali. Abokan aikinmu suka rabu gida biyu: wasu suka ce a daina sabuntawa kwata-kwata, wasu suka ce a sayi sabon kati. A cikin wannan ƴar maƙala za mu nuna cewa akwai hanya ta uku, wato a sabunta komai a riƙe cibiya, sa'an nan mu bayyana iyakar wannan hanya.

1. Kalmomin aiki

Da babbar manhaja muna nufin dukan tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Abin da Faransanci ke kira noyau kuwa, mun zaɓa masa kalmar cibiya, domin ta nan ne kowace manhaja ke ratsawa kafin ta kai ga ƙarfen na'ura: ita ke raba ƙwaƙwalwa, ita ke ba kowane aiki lokacinsa, ita ke magana da allo da faifai da katin sauti ta bakin ƙananan manhajojin da ake ce wa direbobi. Ƙunshi shi ne ɗaurin da manhaja ke zuwa cikinsa, rumbu kuma wurin da ake ɗauko ƙunsoshi. Kowace fitowa ta cibiya mai lambarta za mu kira ta zubi.

Cibiyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, tana samun sabon zubi kusan kowane mako tara ko goma. Daga ciki akan ware wasu a yi ta gyara su shekaru da dama, kamar 5.10 na Disamba 2020, da 5.15 na Oktoba 2021, da 6.1 na Disamba 2022, da 6.12 na Nuwamba 2024. Waɗannan za mu kira su layuka masu dogon zango.

2. Dalilin da ya sa abin ke yiwuwa, da dalilin da ya sa ake bukatarsa

Cibiya tana da fuska biyu. Fuskar waje, wadda manhajojin mai amfani ke gani, masu kula da Linux sun ɗora wa kansu ƙa'idar cewa ba a karya ta: manhajar da ta yi aiki jiya dole ta yi aiki gobe. Saboda wannan fuska ba ta cika sauyawa ba, sabuwar manhajar rubutu ko ta nazarin sauti irin su Praat ba ta damu ba ko cibiyar da ke ƙarƙashinta ta bana ce ko ta bara. Fuskar ciki kuwa, wadda direbobi ke jingina da ita, ba a yi mata wannan alkawari ba, tana sauyawa daga zubi zuwa zubi. Direban da ke cikin cibiya ana gyara shi tare da ita. Wanda kamfani ya rubuta daga waje, sai an sake gina shi ga kowane sabon zubi, aikin da wata manhaja mai suna DKMS ke yi. Idan kamfanin ya daina kula da shi, wata rana ginin zai ƙi. Mafi yawan matsalolin da ke sa mutum ya so riƙe cibiya daga nan suke fitowa, sauran kuma daga kuskuren da ya shigo da sabon zubi ne.

3. Yadda ake yi

Za mu ɗauki misalin Debian da Ubuntu. A cikinsu kowane zubin cibiya ƙunshi ne mai zaman kansa, lambarsa na cikin sunansa, shi ya sa biyu ko uku ke iya zama tare a kan faifai guda. Akwai kuma wani ƙunshi wanda babu komai cikinsa sai nuni zuwa ga zubi na baya-bayan nan, linux-image-amd64 a Debian, linux-generic a Ubuntu. Shi ne ke jawo sabuwar cibiya a duk lokacin sabuntawa. Ke nan matakan guda huɗu ne.

Na ɗaya, a gane zubin da ke aiki. Wajen tashin kwamfuta akan buɗe jerin GRUB, a zaɓi tsohon zubi, a gwada na'urar da ta ƙi. Idan ta yi, umurnin uname -r zai nuna lambarsa.

Na biyu, a kare shi daga shara. Umurnin apt autoremove yakan kwashe tsofaffin cibiyoyi, amma wadda aka yi wa apt-mark manual ba ya taɓa ta.

Na uku, a ɗaure ƙunshin nunin da apt-mark hold, tare da ɗan'uwansa na linux-headers, domin DKMS ba ya gina direba sai da kanun da suka dace da cibiyar. Daga nan apt upgrade zai sabunta sauran manhajoji ya tsallake waɗannan. Umurnin apt-mark showhold yana nuna abin da aka ɗaure, apt-mark unhold yana kwancewa.

Na huɗu, a sanar da GRUB, domin in an bar shi zubi mafi girman lamba yake tayarwa. A cikin fayil /etc/default/grub akan rubuta GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true, a bi da update-grub, sai ya riƙa tuna zaɓin ƙarshe.

Sauran tsare-tsare suna da nasu salon. Fedora tana ajiye zubi uku tun asali, adadin da ake sauyawa da installonly_limit, kuma tana da versionlock na ɗaurewa. A Arch ana rubuta sunan ƙunshi a layin IgnorePkg na fayil /etc/pacman.conf, ko da yake masu wannan tsari ba su goyon bayan sabuntawar rabi da rabi.

4. Abin da ake biya

Cibiyar da aka ɗaure ba ta samun gyaran tsaro. Misali guda ya isa. A Maris 2022 aka bayyana wani gibi mai laƙabi Dirty Pipe, wanda ya shafi cibiyoyi tun daga 5.8: ta hanyarsa mai ƙaramin izini a kwamfuta yana iya rubutu a kan fayilolin da aka hana shi, har ya kai ga mallake na'urar. Gyaran ya fito a 5.16.11 da 5.15.25 da 5.10.102. A nan ya kamata mu lura da lambobin. Wanda ya zauna a kan layin 5.10 yana karɓar gyare-gyarensa ya tsira ba tare da ya bar 5.10 ba. Wanda ya daskarar da zubi guda na wannan layi kafin gyaran, gibin yana nan a kwamfutarsa har ranar da ya kwance ɗaurin. A sashen jami'a, inda ɗalibai da yawa ke shiga kwamfuta ɗaya, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne.

Saboda haka wajibi ne a bambanta abu biyu da akan haɗa su da suna ɗaya: daskarar da zubi, da zama a kan layi. Ubuntu 22.04, wadda ta fito a Afrilu 2022, tana nuna bambancin sarai. Ta zo da 5.15, kuma ƙunshin linux-generic yana bin wannan layi da gyare-gyarensa. Amma kwamfutar tebur an saba ɗora ta a kan linux-generic-hwe-22.04, wanda ya yi ta hawa, daga 5.19 zuwa 6.2 da 6.5 har 6.8. Wanda katinsa ya mutu a ɗaya daga cikin waɗannan hawa, sau da yawa ba ya bukatar ɗaure komai: ya girka linux-generic, ya tashi da 5.15, ya cire ƙunsoshin hwe. Debian ma haka take tun asali, domin Debian 12 ta Yuni 2023 ta zauna a kan 6.1, Debian 13 ta Agusta 2025 kuma a kan 6.12.

Akwai iyaka ta biyu. Alkawarin da muka ambata a sashe na 2 yana kare tsohuwar manhaja a kan sabuwar cibiya, ba ya kare sabuwar manhaja a kan tsohuwar cibiya. Manyan ginshiƙai irin su systemd da glibc suna da mafi ƙarancin zubin da suke karɓa, kuma idan aka ƙaura daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, wadda ta zo da 6.8, layin 5.15 ba ya cikin sabon rumbun. Cibiyar da aka riƙe sai ta zama marainiya, babu mai gyara ta.

5. Kammalawa

Shawararmu ga sassan da ke da tsofaffin kayan aiki ita ce a bi wannan jeri. A fara da komawa layi mai dogon zango wanda ake ci gaba da gyarawa. Idan bai warware ba, a ɗaure zubin da ke aiki, a rubuta a littafin ɗakin aiki ranar ɗaurin da dalilinsa da sunan wanda ya yi, domin ɗalibin da ya ɗaure yakan kammala karatu ya tafi, ɗaurin ya rage babu wanda ya san da shi. A riƙa gwada sabon zubi duk bayan ƴan watanni, tun da zama tare ba ya hana su. Idan kuwa kayan ba su aiki sai da cibiyar da aka daina kula da ita, a cire kwamfutar daga intanet, a keɓe ta ga wannan aiki kaɗai, a kwashe abin da aka juye zuwa wani wuri kowace rana. Haka muka yi da tamu, kuma kaset ɗin da suka rage ana nan ana juye su.