WAYAR GYARAN HAƘORA DA ZAFINTA

A yau za mu yi bayani ne a kan wayar nan da likitoci ke ɗaura wa yara da samari a haƙora don su daidaita, gama wanda aka sa wa ita yakan sha wuya a kwanakin farko, har iyaye su tsorata.

Ɗaure haƙora da waya ba baƙon abu ba ne ga likitocin Musulmi. Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu a 1013, ya bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa. Irin ta yanzu kuwa, likitan Amurka Edward Angle, wanda ya rasu a 1930, shi ya kafa tushenta.

To, me ke kawo zafin? Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba, wasu 'yan jijiyoyi ne ke riƙe da shi. Idan waya ta ja shi, sai ƙashi ya riƙa zaizayewa ta gefen da ake turawa, yana tsirowa ta ɗaya gefen. Wannan aiki shi ke sa tsami. Yakan fara bayan 'yan sa'o'i, ya tsananta kashegari, ya lafa cikin mako guda. Duk sa'ad da likita ya ƙara ɗaure wayar, yakan ɗan dawo.

Ga abin da ya kamata a yi. A kwanakin nan a lazimci abinci mai taushi, watau kunu, koko, fate, fura da nono, da tuwo mai laushi. A nisanci rake, ƙuliƙuli, aya, kilishi, gasasshiyar masara da goro, domin suna ɓamɓare ƙarfen. Ruwan sanyi yana kwantar da raɗaɗi. Idan ƙarfen ya goge kumatu, a jiƙa rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwa mai ɗumi a kurkure baki, sa'an nan a manna kakin da likita ya bayar a kan wurin da ke sukar. Ana iya shan farasitamol bisa ƙa'idar da likita ya faɗa. Amma kada a ɗora asfirin a kan dasashi, yana ƙona shi. Kuma lalle a riƙa goge haƙora da buroshi mai laushi bayan cin abinci, don saura da ke maƙalewa yana kumbura dasashi.

Akwai gargaɗi ga 'yan'uwanmu na Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu. Nisan hanya kada ya sa uba ya ɗauko filaya ya cire wayar, ko ya kai yaro wurin mai cire haƙori na kasuwa. Yin haka yana iya karya haƙori, ya kuma ɓata aikin da kan ɗauki shekara 1 zuwa 2. Idan zafi ya wuce mako, ko fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya zo, sai a hanzarta zuwa sashen haƙori na Asibitin Tarayya na Gusau, ko wurin likitan da ya sa wayar.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Haza wassalamu.