Dutsen Nimba: tama a ƙarƙashi, namun daji a sama

A kudu maso gabashin Gini, inda iyakarta ta haɗu da ta Kodibuwa da Laberiya, akwai wani jerin duwatsu da ake kira Nimba. Ƙololuwarsa ta kai mita 1,752. Gangarensa kurmi ne mai duhu, samansa kuwa filin ciyawa ne da hazo ke lulluɓewa duk damina. Ƙarƙashin wannan ciyawa akwai tama, wato duwatsun da ake narkawa a fitar da ƙarfe, kuma tana cikin mafi inganci a duniya. Daga nan rigimar ta samo asali.

Tun zamanin mulkin Faransa aka killace dutsen, a 1944 a ɓangaren Gini. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, ta haɗa da ɓangaren Kodibuwa a shekarar da ta biyo baya. A 1992 aka mayar da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda shirin haƙar tama da kuma kwararar 'yan gudun hijira daga yaƙin Laberiya. Mafitar da aka samu a 1993 ita ce a yanke hekta kusan 1,500 daga gandun, a ware wa masu haƙa. A takarda dai an raba gardama: nan na ma'adinai, can na namun daji.

Sai dai dabba ba ta san layin taswira ba. Akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo da ba a samunsa ko'ina a duniya sai a saman Nimba. Ba ya saka ƙwai a ruwa, ba ya bi ta matakin talibambam. Macen tana ɗaukar ciki wata tara ta haifi 'ya'ya sun riga sun zama kwaɗi. Da rani yakan shige ƙarƙashin ƙasa ya jira ruwan sama. Gidansa shi ne filin ciyawar nan na can sama, wato daidai wurin da tamar take, kuma wani sashe na mazauninsa ya faɗa cikin yankin da aka ware. Haka ma ruwa. Ƙoramu da dama na ɓuɓɓugowa daga dutsen, ciki har da masu shayar da kogin Kabali, kuma jan laka da za ta gangaro daga ramin haƙa ba za ta tsaya a bakin iyakar gandu ba.

Wanda ke son ganin abin da haƙa ke yi wa dutse, ya leƙa ɓangaren Laberiya. Kamfanin LAMCO ya kwashi tama a can daga 1963 har zuwa lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1989, ya bar tsauni a sassaƙe da wani ƙaton rami da ruwa ya cika. Sai a 2003 Laberiya ta killace abin da ya rage. ArcelorMittal ne ke aiki a yankin yanzu, yana kai tamar tashar jiragen ruwa ta Buchanan ta layin dogo.

A ɓangaren Gini kuwa, izinin haƙar yana hannun kamfanin SMFG. A 2019 kamfanin HPX na attajiri Robert Friedland ya saye mafi yawan hannun jarinsa daga BHP da Newmont da Orano, sunan da 'yan Nijar suka sani sarai ta dalilin uraniyum na Arlit. A wannan shekarar ce kuma Gini da Laberiya suka amince a riƙa fitar da tamar ta layin dogon Laberiya, don ya fi kusa nesa ba kusa ba.

A ganina, ramin haƙa rabin matsalar ne kawai. Ko'ina aka ji ƙishin-ƙishin ɗin aikin ma'adinai, jama'a sukan yi tururuwa, kuma kaɗan ne ke samun aikin. Sauran sai su koma sare daji don noma, da ɗana tarko, da cinna wuta lokacin farauta. Jami'in gandun daji da ba shi da babur ko albashi a kan kari ba zai iya tare wannan ba, balle a dutsen da ƙasashe uku ke iko da shi, kowace da dokarta.

Ƙauyen Bosu da ke gindin dutsen ya nuna yadda abin yake. Biran cimpanzi na wurin sun yi suna wajen fasa ƙwarar manja da dutse, kuma masana daga jami'ar Kyoto ta Japan na nazarinsu tun 1976. Mutanen ƙauyen, 'yan ƙabilar Manon, ba sa kashe su, don suna ɗaukarsu a matsayin kakanni. Duk da haka gonaki sun raba su da 'yan uwansu na Nimba, wata cutar numfashi ta kashe biyar a 2003, yawansu ya faɗi ƙasa da goma. Tun 1997 ake dasa itatuwa a tazarar kilomita huɗu don a sake haɗa dazukan biyu, gobarar daji na ta mayar da aikin baya.

Wani abin mamaki shi ne, a 2021 masana suka sanar da gano sabon nau'in jemage mai ruwan lemo a Nimba. An same shi ne a tsofaffin ramukan da masu binciken tama suka haƙa shekaru da dama da suka wuce, ramukan da yanzu suke ruftawa ɗaya bayan ɗaya.