"Me Ya Sa Kajina Suke Mutuwa?"

Duk wanda ya daɗe a kiwon kajin gidan gona ya san tambayoyin sabon shiga, har yana iya jero su kafin a buɗe baki. Me ya sa 'yan tsakina suke cunkushewa a kusurwa? Yaushe ake ba da Lasota, yaushe ake ba da Gumboro? Kaza ta kai wata huɗu, ina ƙwai? A shagon abincin kaji ana yin su, a taron ƙungiya ana yin su, wani ma sai ya bugo waya bayan isha'i. Da an fara zuba buroila don cinikin Sallah, sai su dawo kamar ba a taɓa amsa su ba. Abin da wasu tsofaffin hannu ke mayarwa kuwa shi ne, "Ai mun sha faɗa," ko "Kai da ba ka san wannan ba, wa ya aike ka kiwo?"

Da ma za su dubi ungozoma. Tsohuwar da ta tsufa tana yanke cibiya a unguwa, babu mai haihuwar fari da ba ta ce mata, "Inna, yaron nan ya ƙi kama nono," ko "Inna, wannan kukan na mene ne?" Ba za ka ji ta ce na faɗa wa wance bara, je ki tambaye ta ba. Wance ce ta ji, wannan yarinyar ba ta wurin. Kuma ba ta amsawa daga bakin ƙofa. Cewa take, "Miƙo shi nan." Ta taɓa goshi, ta duba cibiya, ta tambayi yaushe ya sha. Kukan iri ɗaya ne a kunne, amma na wannan yunwa ce, na wancan zafin ɗaki, na wani kuma sai an garzaya asibiti.

Haka tambayar kaji take. Mutum goma za su ce 'yan tsakinsu na mutuwa a makon farko, ka tarar da dalili biyar. Ɗan tsako yana son ɗumi kamar digiri 32 zuwa 35 a makonsa na farko, sannan a riƙa ragewa mako-mako. In sanyi ya kama su, sai su haye kan juna kusa da wuta har na ƙasa su shaƙe. In zafi ya yi yawa, sai su watse jikin bango suna haki. Wani ya kunna gawayi ya toshe ko'ina da leda, hayaƙi ne ke kashe masa su. Wani kuma tun a mota suka galabaita, don daga Ibadan aka ɗauko su. Mai cewa ya yi rigakafi amma cuta ta shigo, tambaye shi yaya ya yi. Sau da yawa za ka ji maganin ya wuni a aljihu babu ƙanƙara, ko an dama shi da ruwan famfo mai sinadarin kulorin, ko an bar shi a mazubi tun safe har azahar, alhali cikin awa biyu ya kamata su shanye. Ko daga cibiyar Vom aka sayo shi, in aka yi masa haka ya tashi aiki. Mai jiran ƙwai a wata huɗu kuwa haƙuri kawai zai ƙara, don galibi sai mako 18 zuwa 20 suke farawa.

Gajiya gaskiya ce, ban musa ba. Wanda ya gaji ya rubuta jadawalin rigakafi ya liƙa a bangon shago, ya huta da rabin tambayoyin. Sauran rabin sai an ce "kwanansu nawa, yaya kashinsu yake?" kafin a gane bakin zaren.

Abin da masu tsawa ba sa lissafawa shi ne inda mutumin zai nufa bayan an gwale shi. Akwai wanda ba ya taɓa gajiya da tambaya: mai sayar da magani. Shi kullum yana da amsa, kuma amsar tana cikin leda da kuɗinta. Sai a ɗura wa kaji maganin ƙwayoyin cuta a kan Newcastle ko Gumboro, cututtukan da wannan magani ba ya kashe su, kuɗi ya tafi, kaji su bi baya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne wanda ya yi shiru. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma cikin ɗan lokaci ta bazu zuwa wasu jihohi. Irin wannan cuta ba ta san katanga ba. Tana bin takalmi, tana bin kiret ɗin ƙwai da tayar mota. Sabon shigan da ya wayi gari ya ga kaji ashirin a kwance, in ya saba da cewa tambayarsa abin dariya ce, ba zai kira kowa ba. Zai kwashi sauran a baro ya kai kasuwa kafin su ƙarasa, kuma daga wannan kasuwar dillalin da ke sayen ƙwan tsohon hannu zai taso ya shiga gonarsa da takalminsa.